Ku fara sauke motar kafin ku sayi sabon rim

Jama'a, duk mai son gyara motarsa ta tsere, don Allah ya fara da sa gajeren sifirin da ke sauke mota ƙasa, rim ya biyo baya.

Idan mota ta sauka da milimita 25 zuwa 35, taya takan shige cikin madigadi, samanta kuma ya ɗan karkata ciki. Rim ɗin da ya zauna daidai jiya, yau sai ya riƙa sa taya gogar bakin ƙarfen madigadi duk lokacin da aka faɗa rami, har ka ga zane a gefen sabuwar taya. Abin na da ciwo, ga kuɗi an kashe.

Bayan an sa sifirin, a yi yawo da ita sati ɗaya ko biyu ta zauna, sannan a yi alaimen, wato a daidaita tayoyin. Daga nan ne za a auna faɗin rim da lambar ET, wato lambar da ke nuna yadda rim zai shige ciki ko ya fito waje. Ƙaramar lamba tana turo taya waje. A murɗa sitiyari har ƙarshe, hagu da dama, a leƙa a ga inda ya matse.

Shokazoba kuwa, in ta tsufa, a canza ta tare, domin gajeren sifirin yana saurin gajiyar da ita.