Kurakuran da aka fi yi wajen gina rumfar baje koli da kwancen kaya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zauna gaban kwamfuta a gama zane tsaf, sannan a fita neman kayan da za su dace da shi. Da sabon kaya wannan daidai ne, abin da ka nema shi za a kawo maka. Kwancen kaya kuwa ba ya jin umarni. Ka zana ginshiƙi mai mita 3, ka tarar katakon da ke hannu mita 2 da rabi ne, sai a shiga yanke-yanke da ƙare-ƙare, daga ƙarshe a sayo sabo a cike giɓi. Gyaran shi ne a fara tara kayan, a auna kowanne, a rubuta tsawonsa da kaurinsa da lafiyarsa, zane ya biyo baya.

Sai mantawa da ranar kwancewa, wanda a ganina ya fi na farko ɓarna. Rumfar da za ta yi mako biyu sai a cika ta da gam da walda da siminti kamar gidan gado. Katakon da aka manne da gam ba ya rabuwa sai ya tsage, ƙarshensa juji. A baje kolin duniya na 2000 a Hanoba ta Jamus, masanin zanen gini Peter Zumthor ya gina rumfar Suwizalan da katakon da aka jera kan juna, babu ƙusa babu gam, sandunan ƙarfe ne suka matse shi. Da aka tashi, katakon ya fita lafiya aka sake amfani da shi. A 2017 kuma, a birnin Eindhoven na Holan, an kafa wata rumfa mai suna People's Pavilion da kayan aro zalla. Tunda abin aro ne, ba a yarda a yanka ko a huda ba, sai aka ɗaure shi da bel irin na ɗaurin kaya a mota. Wanda ba zai iya kaiwa nan ba, to ya tsaya kan noti da ƙusa mai zare, ya kuma sa wa kowane yanki lamba.

Ƙarƙashin ƙasa ma ana tafka kuskure. Wasu na zuba kankare, wasu kuma don gudun kankare su bar rumfar ba abin da ya riƙe ta. Gini marar nauyi mai faɗin rufi, iska ce babbar abokiyar gabarsa, ɗaga shi take yi. Masanin zanen gini Shigeru Ban, a rumfar Japan da ya yi da bututun takarda a wancan baje koli na Hanoba, akwatunan da aka cika da yashi ya sa a madadin kankare.

Kada kuma a ɗauka duk tsohon abu lafiyayye ne. Katakon falet da ake ɗora kaya a kai sau da yawa yana ɗauke da hatimi: HT na nufin da zafi aka gasa shi, MB kuwa feshin guba aka yi masa, a bar shi. Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, goge shi da sanfefa a busasshe haɗari ne. Duk abin da zai ɗauki nauyi, injiniya ya duba shi, a kuma nemi jami'an kashe gobara tun ana zane. Roba da kwali da busasshen katako a wurin da jama'a ke cincirindo ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma masu jigilar kwancen kaya daga uwa duniya, man da motar ta sha ya cinye ribar. Tun kafin a kafa ginshiƙin farko, a san wanda zai karɓi kowane kaya bayan an tashi, da motar da za ta kwashe shi, da ranar, a rubuce.