Zaɓen manhajar da za ta koya wa yara yadda kwamfuta ke aiki

Kafin a sauke komai, a duba injin da ke makarantar: girman RAM ɗinsa (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita), da ko akwai intanet. Yawan kuskuren malamai shi ne ɗauko manhajar da sai da intanet take buɗewa, data ta ƙare, darasi ya tsaya.

Ga 'yan shekara 2 zuwa 10, GCompris ta fi dacewa. Kyauta ce, tana aiki ba intanet a Windows, Linux da Android, tana koyar da riƙe linzami, allon rubutu da ƙirgan 0 da 1 irin na kwamfuta. A sauke ta sau ɗaya a filas, a zuba wa kowace kwamfuta.

Daga shekara 8, a koma Scratch ta jami'ar MIT ta Amurka, inda yaro ke harhaɗa tubalan umarni. A ɗauki wadda ake girkawa a kwamfuta, ba ta intanet ba, kuma a riƙa adana aiki bayan kowane mataki, don idan wuta ta ɗauke, abin da ba a adana ba ya tafi.

Sai dai Scratch ba ta nuna abin da ke faruwa a cikin injin. Wannan aikin Little Man Computer ne, manhajar da ke kwaikwayon ƙaramar kwamfuta, ga 'yan sakandare: akwatuna 100 ne a matsayin ma'adana, ɗalibi na ganin an ɗauko umarni, an aiwatar, an wuce na gaba. A fara da haɗa lambobi biyu. Idan aka manta umarnin HLT (wato umarnin tsayawa) a ƙarshe, injin zai ci gaba da karanta lambobin ajiya kamar umarni.