Fitilun mota masu nauyin tashi: kurakuran da na gaji da gani

Duk wanda ya taɓa riƙe motar Corvette ƙirar 1968 zuwa 1982, mai fitilun da ke ɓuya a jikinta su ɗago in an kunna, ya san wannan ciwon kai. Ka ja makunnin fitila, ido ɗaya ya buɗe, ɗayan ya tsaya a rabi yana tunani, sai can ya ƙarasa ko ya ƙi. Waɗannan fitilu ba wutar batir ke ɗaga su ba, zuƙar iskar da inji ke yi ce. Haka Camaro RS da Dodge Charger na 1968 da 1969 suke, haka ma Lotus Elan ta Ingila. Hanyar a Corvette ita ce: tiyo ya fito daga manifol, wato bututun da inji ke shaƙar iska ta cikinsa, ya bi ta matata da bawul mai hanya ɗaya, ya shiga tankin ajiya, daga nan rile, wato bawul mai sauya hanyar zuƙa, ya rarraba ta zuwa gwangwanin da ke tura fitilar da sanda. Ko'ina a wannan hanya iska ta samu kafar shiga, fitila za ta yi nauyi.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sayen sabon gwangwani tun kafin a auna komai. Shi ne abin da ido ke fara gani idan an leƙa bayan fitila, shi ya sa kowa ke ɗora masa laifi. Wannan ya ci min kuɗi sosai a farkon shigata harkar. Na sauya gwangwanayen duka biyu, fitilu suka ci gaba da jan ƙafa kamar ban taɓa su ba, ashe wani tiyo ne ya tsage ta ƙasa daidai bakin tanki, tsagar da ba ta kai tsawon farce ba, sai da na lanƙwasa shi ta buɗe baki. Tun daga nan ba na kwance kusa ko ɗaya sai famfon hannu mai geji yana hannuna. Gwangwani baki biyu gare shi, na gaba da na baya. Ka haɗa famfon a na baya, ka zuƙe, ka zuba wa allurar ido. In ta tsaya cak, tantanin robar da ke ciki lafiyarsa ƙalau. Sai ka koma bakin gaba. A nan ne yawanci allura ke zamewa, domin ta gaba sandar turawa ke fita, kuma robar da ke rufe kewayenta tana bushewa ta tsattsage. Ana sayar da wannan roba ita kaɗai. To don me za ka jefar da gwangwani mai rai saboda ita?

Bayan gwangwani sai ka bi hanyar da baya, gaɓa bayan gaɓa: ka toshe, ka zuƙe, ka duba. Tanki ma a gwada shi shi kaɗai, don tsatsa na huda shi ta inda ba ka gani. A Lotus Elan ƙarfen gaban shasi ne da kansa ke aikin tanki, saboda haka zubar iska a wurin na iya zama alamar ɓarnar da ta fi ta fitila girma.

Kuskure na biyu ya fi ɓata min rai, domin hannun mutum ne ke haddasa shi. Mutum ya ga tiyo sun tsufa, sai ya fizge su gaba ɗaya a yini guda ya zube a ƙasa, sannan ya zauna yana mayarwa da ka. Haba malam! Wa ya aike ka? Tsarin nan gida biyu ne. Akwai siraran tiyo da ke tashi daga makunnin fitila zuwa kan rile, aikinsu isar da umarni kawai. Akwai kuma masu kauri, su ke ɗaukar nauyin aikin. A Corvette masu kaurin suna da zane: mai rawaya ke kawo zuƙa tsakiyar rile, mai kore ke buɗe fitila, mai ja ke rufewa. Abin da sababbi ba sa ganewa shi ne, zuƙar da ke cikin siririn tiyo ita ke riƙe fitila a rufe. Da zarar ta yanke, sifirin ɗin cikin rile zai koma wajen buɗewa. Da gangan aka yi haka, don kada lalacewa ta bar direba cikin duhu. Saboda haka in fitila tana ɗagowa da kanta ko tana ƙin sauka, ka nufi siraran tiyo da makunni. In kuwa tashi ne ke mata wuya, ka nufi masu kauri da rile da robar gaban gwangwani. An taɓa kawo min wata da aka juya mata kore da ja a gefe ɗaya, ido ɗaya na buɗewa ɗaya na rufewa, mai ita har ya fara zancen cire tsarin dungurungum ya sa na lantarki. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Ni tiyo ɗaya nake cirewa, in sa sabonsa, kafin in taɓa na gaba, kuma ina ɗaukar hoto tun ban fara ba. Wasu sun fi son bin zanen littafin mota. Ban hana ba, amma motar da ta haura shekara 40 ta ratsa hannaye da yawa, ba lallai abin da ke cikinta ya yi daidai da takarda ba.

Akwai masu mantawa da injin kansa. Lafiyayyen inji da ba a sauya masa komai ba yakan ba da zuƙa kamar inci 17 zuwa 21 a geji idan yana silo. In an sa masa kamshaf na tsere, wato sandar da ke buɗe bawulolin inji, adadin zai faɗi sosai, kuma duk sabon tiyon duniya ba zai sa fitila ta yi sauri ba. Ka auna a manifol tukuna, sannan a tanki. Tazarar da ke tsakanin biyun ita za ta gaya maka ko akwai ɓaraka a hanya.

Bawul mai hanya ɗaya ƙaramin abu ne, ana raina shi. In fitila tana kasala lokacin da ka taka totur, ko tanki ya zube nan take da kashe inji, shi za ka fara zargi. Ka zuƙe shi ta kowane gefe, ta ɗaya kaɗai ya kamata iska ta wuce. Kuma a kula, wasu kan yi kuskuren sa shi a juye.

Ka cire sandar gwangwani ka ɗaga fitilar da hannu. In ta yi tauri, tsatsa da busasshen giris ne a gaɓoɓin, ba ruwan iska. A wanke a sa sabo. Amma kan roba giris ɗin silikon kawai nake shafawa, na man fetur yana kumbura ta.

Kada a naɗe tsagar tiyo da tef, zafin inji zai sake shi. A ƙarƙashin rile akwai ɗan soso mai tace iska, in ya rududduge ƙura za ta shiga ta ci robar ciki. Akwai kuma ɗan maɓalli a ƙarƙashin sitiyari da ke riƙe fitilu a buɗe don wanki ko sauya ƙwai, a tabbata an mayar da shi sama kafin a fara neman laifi. Masu ƙirar 1968 zuwa 1972 su tuna cewa murfin da ke ɓoye waifa ma daga wannan tanki yake sha, don haka a toshe reshensa a sake gwada fitilun kafin a zargi wani abu a gaba.