Yadda ƙungiyar unguwa za ta kai kuka inda za a ji shi

Na daɗe ina riƙe da littafin ƙungiyar unguwarmu a Tudun Wadan Zariya, kuma zuwanmu na farko neman haƙƙi abin dariya ne. Mun cika mota, mun tafi da takarda mai buƙatu goma sha biyu: ruwa, wuta, makaranta, aikin yi ga matasa, har da katangar maƙabarta. Aka karɓe mu da fara'a, aka ce za a duba. Laifin namu ne. Wanda ka ɗora wa kaya goma sha biyu ka ba shi hujjar ajiye su duka.

Saboda haka ku zaɓi abu ɗaya, wanda ake iya nunawa da yatsa. Mu kwalbati muka zaɓa, wadda in damina ta kankama a watan Agusta takan toshe, ruwa ya shiga zaurukan mutane. Ku ɗauki hotonta ranar da ruwa ya yi ɓarna, ku ƙirga gidajen da abin ya shafa, a auna faɗinta, ku sa birkila ya yi muku ƙiyasin siminti da rodi. "Unguwarmu na cikin wani hali" ba magana ba ce a ofis.

Sai ku gano mai abin. Nan ne ƙungiyoyi da yawa ke ɓata takalmi. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sa magudanan ruwa, titunan cikin unguwa, kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu da kwashe shara a hannun ƙaramar hukuma. Babbar hanyar Kaduna zuwa Kano kuwa ta gwamnatin tarayya ce, ko kansila ya so ba shi da ta cewa a kanta. Ku kuma lura garin nan ƙananan hukumomi biyu ne: mutumin Samaru nasa na Sabon Gari, na Ƙofar Doka ko Kwarbai nasa na Zariya.

Kada ku tsallake mai unguwa. Ba shi ke da kuɗin ba, amma a ƙasar Zazzau takardar da ta bi ta hannunsa zuwa dagaci da hakimi nauyinta daban. Ni dai nakan je da dattijo ɗaya bayan la'asar, mu cire takalmi, in ce: "Ranka ya daɗe, ba ƙarar kowa muka kawo ba, shawara muke nema kafin mu rubuta." Wanda aka nemi shawararsa tun farko, da wuya ya zame daga baya. Limamin unguwa ma a sanar da shi, kuma a tafi da mata cikin tawaga, don su ne ke kwalfe ruwan daga ɗakuna.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya: ku su wane ne, mene ne matsalar, me kuke so a yi, me ku za ku bayar. Wannan na ƙarshen yana buɗe ƙofa. Mun rubuta cewa yashi da leburanci namu ne. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a ɗaya, ku dawo da shi. In ƙungiyarku na da rajista da CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ku sa lambar a saman takarda. In babu, kada wannan ya hana ku, sa hannun mutanen unguwa ya isa a fara.

Lokaci ma abin dubawa ne. Shekarar kasafin kuɗi daga Janairu take farawa, ana kuma shirya shi tun kafin ƙarshen shekarar da ta gabata. Wanda ya zo a Maris zai ji "ba ya cikin kasafi", kuma gaskiya aka faɗa masa. Da damina ku tattara hujja, kafin kaka takardarku ta shiga. In an ce an ware kuɗi amma ba ku ga aiki ba, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa tambayar da aka yi mata a rubuce.

Rediyo da Facebook ku bar su sai an yi muku shiru sau biyu ko uku. In kun je, ku faɗi kwanakin da kuka kai takarda, ban da zagi. Hular jam'iyya kuma a bar ta a gida, don ciyaman na yau ba shi ne na gobe ba.

Sauran aikin bibiya ne. Ku ware mutum ɗaya, mai haƙuri da sakin fuska, ya riƙa leƙawa duk mako biyu, ya san magatakarda da masinja, ya rubuta abin da aka ce masa. A littafina na ƙirga sau tara muka je kafin tifa ta sauke tsakuwa a bakin kwalbatinmu, kuma washegari muka kai takardar godiya, ita ma aka buga mana hatimi.