Yadda Ake Kai Koke Gaban Kwamitin Majalisar Tarayya

Wanda aka kora daga aikin gwamnati ba bisa ƙa'ida ba, ko aka riƙe masa fansho, ko hukuma ta ƙwace masa gona ba diyya, yana da wata ƙofa bayan kotu. Majalisar Wakilai mai kujeru 360 tana da kwamitin sauraron koke-koken jama'a, Majalisar Dattawa mai sanatoci 109 ita ma tana da nata. Sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulkin 1999 ne suka ba su ikon bincike da kiran shaidu, har da sa a kamo wanda ya ƙi amsa kira.

Da farko ka tabbatar maganarka ba ta gaban alƙali. Majalisa ba ta taɓa shari'ar da ke kotu, kuma nan mutane da yawa ke faɗuwa tun ba su shiga ba.

Sai rubutun takardar. Za ka yi ta ne zuwa ga Kakakin Majalisar Wakilai ko Shugaban Majalisar Dattawa, da Turanci, domin da shi ake gudanar da aikin majalisar. In da Hausa ka tsara, nemi wanda zai fassara maka. Faɗi ko kai waye, wace hukuma ce ta zalunce ka, me ya faru, a wace rana, kuma ina da ina ka riga ka kai kuka. Shafi biyu sun isa. Ka bar zagi, komai zafin zuciyarka. Ana watsi da takardar da ba ladabi a cikinta. A ƙarshe ka rubuta roƙonka ƙarara: a mai da ni bakin aiki, a biya ni albashin wata kaza. "A bi mini haƙƙina" kawai ba ya gaya wa kwamiti abin da zai yi. Ka sa hannu ko ka dangwala, da adireshi da lambar waya mai shiga.

Takardun shaida su ne ran koken. Takardar ɗaukar aiki, takardar sallama, ta albashin ƙarshe, wasiƙun da ka rubuta wa hukumar ɗauke da hatimin an karɓa. Tsoho zai zo da tsohuwar jakar leda cike da takardu sun yi ja don daɗewa, a nemi takardar sallama a tarar ita ce babu. Ka jera su bi da bi, ka sa wa kowace lamba, ka yi kwafi da yawa. Na ainihi kuwa kada su bar hannunka.

Mataki na gaba: ɗan majalisa ne ke gabatar da koke a zaure, ba mai koken ba. Ka nemi wakilin mazaɓarka ko sanatanka, ta ofishinsa na gida ko na Abuja. Shi zai miƙe a zaman majalisa ya ambaci sunanka da taƙaitaccen batun, ya ajiye takardar, shugaba ya tura ta kwamiti. Ƙa'idar nan ba ta barin kowa: a watan Maris 2025 kwamitin Majalisar Dattawa ya ƙi karɓar koken Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan, daga cikin dalilansa har da cewa ita ta sa masa hannu kuma ita ta gabatar da shi da kanta.

Daga nan sai bibiya. Ka san sakataren kwamitin, ka riƙa tambayar ranar zama. Idan ranar ta zo, za a kira ka tare da hukumar da ka yi ƙara, kowa ya faɗi nasa, 'yan kwamiti su yi tambayoyi. Kana iya zuwa da lauya, amma ba dole ba ne. Shugabannin hukumomi kan ƙi zuwa ko su turo ƙaramin ma'aikaci, a ɗage zama, kai kuwa ka biya kuɗin mota daga Gusau ko Maiduguri. Duk da haka kada ka yi fashi, don mai koken da ya daina zuwa kan tarar an rufe maganarsa.

Kwamiti zai rubuta rahoto da shawarwari ya kai zaure. In majalisa ta amince, sai a aika wa hukumar da ƙudurin. To a nan ka san abu guda: ƙudurin majalisa ba hukuncin kotu ba ne. Wasu hukumomin kan bi, wasu su yi kunnen uwar shegu. In aka yi maka haka, ka kai kwafin ƙudurin ga kwamitin da ke bin diddigin aiwatar da ƙudurorin majalisa.

Kuma ka tuntuɓi lauya tun da wuri, domin akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ba wasu ƙararraki wata 3 kacal a shigar da su kotu, zaman jiran kwamiti kuwa ba ya tsai da wannan lissafi. In hukumar ta jiha ce, majalisar dokokin jiharka ce wurin zuwa. Sashe na 128 da na 129 sun ba ta irin wannan iko.