Yadda za ka sa ƙaramin rediyonka ya kama tasha tangaran

Yawancin rediyon da ake kawo min gyara da ƙorafin "ba ya kama tasha" lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana wajen eriya, ko inda aka ajiye akwatin, ko lokacin da ake neman tashar. Don haka kafin ka kashe kuɗinka a wurina, gwada waɗannan.

Fara da duba zangon da kake kai, domin FM da MW da SW kowanne da halinsa. FM, wato daga 87.5 zuwa 108, a miƙe yake tafiya, dutse ko dogon gini na iya tare shi, kuma ba ya nisa sosai. Zare eriyar ta kai kamar santimita 75, ka matsa kusa da taga, ka riƙa karkata ta har muryar ta washe. Shi ke nan.

Matsakaicin zango kuwa, MW, ba ruwansa da doguwar eriyar nan. Tasa eriyar tana cikin akwatin, wani baƙin sanda ne da aka naɗe da siririyar waya. Akwatin gaba ɗaya za ka juya a hankali, hagu ko dama. Sau da yawa na ga mutum yana ta jan eriya har ta karye, alhali juyi kaɗan ne maganin.

Gajeren zango, SW, shi ne mai wuyar sha'ani, kuma shi na fi so. Da shi iyayenmu suka riƙa jin Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, da na Jamus da ya biyo baya a 1963. Saƙon yana tashi ne daga tashar watsawa, irin wadda BBC ke da ita a tsibirin Ascension can tsakiyar tekun Atlantika, ya hau sama ya bugi wani sashe na sararin samaniya da hasken rana ke cika shi da caji, sannan ya dawo ƙasa a nisan dubban kilomita. Tunda rana ce ke sarrafa wannan sashen, mitar da ta yi kyau da azahar ba lallai ta yi kyau bayan isha'i ba. Da rana nemi mita 13 da 16 da 19. Da dare da asuba koma mita 31 da 41 da 49. Mita 25 tana tsakani. In lambobin akwatinka na megahaz ne, wato masu alamar MHz, raba 300 da lambar, za ka sami mitar: 15 ta ba ka 20, wato kana yankin mita 19 ke nan. Kuma ka sani manyan tashoshin waje kan sauya mitocinsu sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. In ka wayi gari tashar ta ɓace daga inda ka saba samunta, rediyonka bai lalace ba, ƙaura ta yi.

Yanzu ga eriyar gajeren zango. Samo waya mai rufin roba, ko tsohuwar wayar sifika ma ta isa, tsawon mita biyar zuwa goma. Fere bakinta ɗaya, ka naɗa jan ƙarfen a kan eriyar rediyon. Sauran ka fitar ta taga, ka ɗaure a reshen dalbejiya ko kan gora, iya tsayin da za ka iya. Kada ta kwanta a kan kwanon rufi. Kada kuma ka ce sai ka ja mita talatin don ka burge maƙwabta. Ƙananan rediyon nan na kasuwa ba sa ɗaukar saƙo mai yawa, sai ka ji tashoshi uku suna magana a wuri guda. In haka ta faru, kwance wayar, ka naɗa ta da robarta sau huɗu ko biyar a jikin eriyar ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba.

Abu biyu ba na wasa da su. Kada wayar ta bi sama ko ƙarƙashin wayar wutar lantarki, ko da an ɗauke wuta. Da damina kuma, da ka ga hadari ya haɗo, cire ta daga jikin rediyon ka jefa waje.

Sai maganar "shuuu" da "zzzz". A da hayaniyar sama ce kawai ke damunmu, yanzu kuwa daga cikin ɗakinka take fitowa: cajar waya mai arha, ƙwan fitila na zamani, inbata ta sola, talabijin. Gwajin mai sauƙi ne. Sa batir a rediyon, ka kashe kayan wutar ɗaya bayan ɗaya kana saurare, mai laifin zai tona kansa. Ni dai a kullum na fi yarda da batir a gajeren zango, ko da akwai wuta, kuma tsakar gida ta fi ɗaki.

Wajen murɗawa, yi a sannu ƙwarai, domin tashoshin a cushe suke, kaurin allurar kansa na iya rufe biyu. In ka dace da wurin, ɗiga alama da biro a kan ɗan salatif. Idan murya ta fara shaƙewa ko tashar na zamewa da kanta, sauya batir tukuna. In an yi duk wannan bai yi ba, to kawo shi in buɗe.