Cizon kare da yakushin kyanwa: inda iyaye ke kuskure

A gidajenmu yaro yana rarrafe ne tsakanin kaji da awaki, ga kyanwa a ƙarƙashin gado, ga karen maƙwabta a bakin zaure. Ba wanda zai raba wannan zama. Abin da ke hannunmu shi ne yadda muke yi idan an yi cizo.

Babban kuskure shi ne raina rauni. "Ai ɗan kwikwiyo ne, ko jini bai fito ba." To, ƙwayar cutar haukan kare a miyau take, ƙarzanen haƙori ya ishe ta shiga, haka ma yakushin kyanwa. Takan yi wata biyu ko uku shiru, tana bin jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, kuma da zarar yaro ya fara tsoron ruwa, sai dai addu'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Gajarta ce ke cutar su: cizon a fuska ko wuya yake samunsu.

Sai maganin tsakar gida. Wata ta zuba toka, wata barkono, wani ya ce a ƙona gashin karen a shafa. Babu wanda ke kashe ƙwayar. A wanke wurin da sabulu, ana kwarara ruwa har minti 15, da agogo, ba da ƙiyasi ba. A shafa aidin, kada a ɗaure tamau, a tafi asibiti a ranar. Allurar rigakafin da za a yi wa yaron kuwa ba ɗaya ba ce. Masu yin ta farko su ɓace don sun ga ciwo ya bushe, sun yi aikin banza.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne duka. Yaro ya shigo da kuka, sai a ce "Wa ya aike ka?" a ɗora masa bulala. Gobe idan an cije shi, zai ja riga ya rufe, ya yi shiru. Ki gaya wa ɗanki tun yanzu cewa ba za a dake shi ba idan ya faɗa.

Kada kuma a yi gaggawar kashe karen a jefar. A ɗaure shi kwana 10 ana lura, a kira likitan dabbobi, amma yaro ya fara allurarsa ba tare da jira ba. Mai kare ya kai shi rigakafi tun yana wata uku, sannan duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana haɗa allurar karnukan.

Sauran gajeru ne. Madarar da aka tatso a tafasa ta kafin yaro ya sha, saboda bakkale (cutar da ke sa dabba ɓari, take kama mutum) da tarin fuka. Kaji su kwana a akurki, ba ɗakin yara ba. A koya wa yaro ya bar kare mai cin abinci da karya mai shayarwa. Ragon layya kuma a ɗaure shi da gajeriyar igiya, nesa da inda ƙanana ke wasa.